Barewa Kan Yi Gudu Ɗanta Ya Yi Rarrafe

A wani gareji da ke unguwar Gassi, gabashin Injamena, ba nisa da ginin Majalisar Dokoki, na tarar da yaran gareji huɗu sun haɗa kai a kan waya guda. Tsohuwar motata na kai a duba mata famfon mai, amma babu wanda ya kula da isowata. Abin da ya ɗauke musu hankali wata mota ce mai dogon hanci da faɗin ƙirji, ta lafe a ƙasa kamar kada a bakin kogin Shari, ga wani faffaɗan fiffike a bayanta. Ƙirar Toyota ce, sunanta GR GT3. Maigidansu, dattijon da ya haura sittin, ya leƙo ta saman kawunansu, ya duba sau ɗaya, ya ce: "Wannan ko bakin kwalta ba za ta kai ba daga nan." Aka kwashe da dariya.

Gaskiya ya faɗa. Motar da tsayinta daga ƙasa zuwa rufi bai wuce mita 1 da santimita 9 ba, idan damina ta sauka a Gassi sai dai a ɗauke ta a ka. Babu ɗayanmu da zai saye ta, kuma da wuya a cikin yaran nan a sami wanda zai taɓa ɗora sifana a jikinta. Duk da haka ina ganin akwai abin da ya shafe mu a labarinta, kuma ya fi shafar dattijon da ya yi mata ba'a fiye da yaran da ta burge.

Bari mu fara da motar kanta. Ranar 5 ga Disamba, 2025, kamfanin Toyota ya yaye lulluɓin motoci uku a lokaci guda a Woven City, garin gwaji da ya gina a gindin dutsen Fuji. Akwai GR GT ta hawa titi, da 'yar'uwarta GR GT3 ta filin tsere, da samfurin Lexus LFA mai aiki da lantarki. Ba ranar aka fara jin ɗuriyarsu ba. Tun watan Janairun 2022 aka nuna samfurin farko na motar tseren a bajekolin motoci na Tokyo, kuma a Yulin 2025 an ga biyu daga cikinsu sun hau tudun Goodwood a Ingila cikin fentin ɓad-da-kama. Kamfanin ya ce sai wajajen 2027 za su shiga kasuwa.

Injinsu mai silinda takwas ne, lita 4, da tobo biyu. Ta titin an ƙara mata na'urar lantarki a cikin giya, ana neman ta ba da ƙarfin doki 650 ko fiye, ta kuma wuce kilomita 320 a sa'a. Ta tseren man fetur zalla take sha, don dokar ajinta haka ta tanada. An tura injin baya da layin tayoyin gaba, aka kai giya can baya, aka zaunar da direba ƙasa-ƙasa, duk don nauyin motar ya taru a tsakiya kuma kusa da ƙasa. Ƙashin jikinta na alminiyam ne gaba ɗaya, abin da Toyota bai taɓa yi ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aka juya tsarin aiki. A al'adar masana'antu, masu zane su ke fara fitar da surar mota, daga baya injiniyoyin iska su zo su yi gyaran da ya samu. A nan injiniyoyin iska aka fara ba wuƙa da nama, suka fitar da siffar da iska ke so, sa'an nan aka ce wa masu zane su ƙawata abin da suka tarar.

Sai kuma ajin da za ta yi tsere a ciki, wanda shi ma yana da abin lura. GT3 aji ne da aka fara gasarsa a 2006, kuma motocinsa na sayarwa ne. Duk mai kuɗi na iya saye ya kafa ƙungiya ya shiga gasa, ko a tseren sa'a 24 na Spa a Beljiyam, ko na Nürburgring a Jamus, ko na Le Mans a Faransa, wanda ya buɗe wa wannan aji ƙofa a 2024. Porsche da Ferrari da Mercedes da BMW duk suna ciki. Masu shirya gasar suna da wata doka ta daidaita ƙarfi: motar da ta fiye gudu sai a ɗora mata nauyi ko a rage mata numfashin inji, wadda ke baya a sassauta mata. Kamar a ce a filin sukuwa an ga dokinka ya fi na kowa, sai a rataya masa buhun yashi. To idan gudu ya zama ɗaya, me mai saye zai duba? Zai duba motar da ba ta yi wa direba gardama ko da ba gwani ba ne, wadda za ta kwana tana gudu ba ta yi zafi ba, wadda idan ta bugu da ƙarfe uku na dare kanikawa za su sauya mata gaba cikin mintoci, wadda kayan gyaranta ke samuwa. Mai karatu zai lura cewa waɗannan su ne dalilan da ke sa Bachade ya zaɓi Land Cruiser idan zai nufi Faya ko Abeshe.

Amma duk wannan shimfiɗa ce. Dalilin da kamfanin ya bayar na ƙera motocin shi ya sa na ɗauki alƙalami. Sun kira aikin da wani suna daga al'adarsu, Shikinen Sengu. A garin Ise akwai babban wurin ibadar addinin Shinto, ginin katako, wanda duk bayan shekara 20 ake gina sabo a filin da ke gefensa, daidai da tsohon, a kwashe kayan ciki a mayar, sa'an nan a rushe tsohon. An fara wannan tun shekara ta 690 Miladiyya. Yaƙe-yaƙe sun taɓa katse shi, aka dawo aka ci gaba. Na baya-bayan nan, karo na 62, an yi shi a 2013, na gaba kuma sai 2033. Ginin da ake rushewa bai lalace ba. Ɗaya daga cikin hikimomin da ake faɗa ita ce, shekara 20 ita ce tazarar da za ta ba mutum damar shiga aikin sau uku a rayuwarsa: ya fara yana yaro mai miƙa kaya, ya dawo yana gwani mai sassaƙa, ya ƙare yana dattijo mai duba aikin wasu. Da za a bari sai ginin ya ruɓe, ranar da za a nemi masu gyara ba za a same su ba.

Toyota ya ce haka yake nufi da waɗannan motoci. Ya yi 2000GT a 1967, ya yi Lexus LFA a 2010, guda 500 kacal. Waɗanda suka yi LFA sun fara manyanta. Idan ba a ba su wani aiki mai wuya sun yi tare da matasa ba, za su yi ritaya da abin da ke hannunsu, a bar kamfanin da takardu da zane-zane waɗanda babu mai sanin yadda ake mayar da su mota.

Shugaban kamfanin, Akio Toyoda, ya san wannan a jikinsa. Jikan wanda ya kafa kamfanin ne, kuma tattaɓa-kunnen Sakichi Toyoda, wanda sana'arsa ƙera injin saƙa ce, don gidan nan daga masaƙa ya taso kafin ya koma mota a 1937. Duk da wannan gado, babban direban gwajin kamfanin, Hiromu Naruse, ya taɓa gaya masa a fuska cewa ba ya son wanda bai iya tuƙi ba ya riƙa yi masa bayanin mota. Maimakon ya kore shi, sai ya zama almajirinsa. A 2007 suka shiga tseren sa'a 24 na Nürburgring da tsofaffin motoci na hannu, shi Akio yana ɓoye a bayan laƙabin Morizo. A watan Yunin 2010 Naruse ya rasu a haɗari a kan hanya kusa da wannan fili, yana gwajin LFA. Ɗan gidan sarauta ne ya durƙusa gaban bakanike ya koya, kuma malamin ya tafi ba sallama. Wanda ya ga haka ba ya bukatar a gaya masa cewa gwaninta na iya shiga kabari dare ɗaya.

Kada a ɗauka na ruɗu. Na san a cikin zancen nan akwai talla, kuma kamfani ba ya ambaton wurin ibada sai ya lissafa ribar ambaton. Motar da za a sayar wa attajirai da tsadar da za ta gina makarantu tana bukatar labari mai daɗi. Ko lissafin nasu ma bai cika ba, don tsakanin 1967 da 2010 shekara 43 ce. Sai dai maganar mai talla ma takan zama gaskiya, kuma wannan gaskiya ce.

Mu dawo gida. Ban san wata ƙasa da sunan Toyota ya shiga tarihinta kamar Chadi ba. Ranar 2 ga Janairun 1987, dakarun Chadi ƙarƙashin Hassan Djamous suka afka wa sansanin Libiya a Fada cikin akori-kurar Toyota, ɗauke da makaman harbin tanka da Faransa ta ba su, suka tarwatsa rundunar tankoki. A watan Maris Wadi Dum ya faɗi, a Satumba suka tsallaka har Maaten al-Sarra cikin Libiya. Duniya ta sa wa wannan yaƙi suna Yaƙin Toyota. Ba na faɗin haka da alfahari tsantsa, don rayuka da yawa sun salwanta, kuma irin waɗannan motocin ne suka shigo da 'yan tawaye har tsakiyar Injamena a Fabrairun 2008, mutanen gari suka yi ta tsallaka gada zuwa Kusiri. Abin da nake so a lura da shi shi ne, motocin nan ba su riƙe kansu ba. Akwai hannayen da suka riƙa kwance su suna ɗaurawa a tsakiyar hamada, inda babu kanti babu littafi. Ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikin masu hannayen ba.

Tseren ma ya taɓa biyowa ta ƙofarmu. Gasar Dakar ta 1992, wadda ta tashi daga Faris ta ƙare a Cape Town, ta ratso Libiya da Nijar, ta bi ta Dirku da Ngigmi, ta sauka a Injamena, ta wuce Sarh. Motocin Japan ne suka cinye ta, Mitsubishi Pajero na ɗaya da na biyu da na uku, Hubert Auriol a gaba. Suka auna ƙarfensu da yashinmu da zafinmu, suka rubuta abin da suka gani, suka koma da shi masana'anta. Mu kuma aka bar mu da ƙura da labari.

Ga shi kuwa ilimin yana nan. Land Cruiser samfurin 70 tun 1984 ake yin sa, injin dizal ɗinsa mai silinda shida, 1HZ, tun 1990, kuma akwai dattawa a garejojin Injamena da Agadas da Maiduguri da Kano waɗanda daga ƙarar injin nan kaɗai za su gaya maka noza ta nawa ce ke ɗiga. Sun san inda shasi ke tsagewa idan an yi lodin da ya wuce kima, sun san ganyen sifirin nawa za a ƙara, sun san yadda ake yi da gurɓataccen mai. Wannan sani ne da aka tara cikin shekara arba'in da ƙunar hannu, kuma yana cikin kawunan mutanen da yawancinsu sun ba sittin baya.

Mukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A kan hali da ɗabi'a wataƙila haka ne. A kan sana'a kuwa karin maganar nan ta cuce mu, domin ta sa mun ɗauka gwaninta a jini take, za ta gangaro da kanta. Ɗan barewa da ƙafafunsa aka haife shi. Ɗan maƙeri ba a haife shi da sanin launin da ƙarfe ke yi idan ya isa duka ba, sai an tsayar da shi gaban wuta an nuna masa, ya ɓata, an sake nuna masa.

Kakanninmu sun san haka, kuma suna da nasu tsarin ba tare da sun ji labarin Ise ba. Ginin ƙasa shi ne makarantar. Duk shekara kafin damina sai an yi yaɓe, an duba indararo, an taɓa rawanin soro, kuma a wajen wannan gyaran ne yaro ke koyon kwaɓa ƙasa da sanin makuba. A Jenne ta ƙasar Mali har gobe gari guda ke fitowa a yaɓe babban masallaci a kowace shekara. A Gawi, garin Kotoko da ke nan kusa da Injamena, mata ne ke sabunta zanen bango, 'ya'yansu mata na riƙe musu ƙwarya. Ginin da ke neman hannu kullum shi ke haifar da magina. Da siminti ya zo ya ɗauke mana wahalar yaɓe, sai ya haɗa da makarantar ya tafi da ita.

Amma kada mu ɗora wa siminti laifin duka. Dubi masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajajen shekarun 1830, da bakan gizonsa da masana gine-gine na duniya ke zuwa kallo. A labarin baka ana cewa da dare yake aikinsa, don kada a ga yadda yake yi. Ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, yadda muke ba da shi da sha'awa ya nuna irin gwanin da muke girmamawa: wanda ba a san sirrinsa ba. A shekarun 1970 aka kewaye abin da ya rage na ginin da sabon gini na zamani. Yau mutum nawa ne a ƙasar Hausa za su iya ɗaura baka irin wannan da azara da ƙasa?

Wannan ɗabi'a ce na gani da idona a garejin Gassi, kuma ba ranar na fara ganinta ba. Yaro zai shekara biyar yana wanke kaya da fetur, yana kwance taya, yana shiga ƙarƙashin mota. Amma da an zo wajen saita famfon dizal, aikin da shi ne zuciyar sana'ar, sai maigida ya laluba aljihu ya ce: "Kai, je ka karɓo mana shayi." Kafin yaro ya dawo an gama an rufe. Ranar da za a yaye shi, ya iya komai ban da abin da ya kawo shi.

Ga kuma wata matsalar ta taso daga ɗaya gefen. Sababbin motoci kwamfuta ke sarrafa musu mai da iska, ba a jin ciwonsu da kunne kaɗai, sai an jona na'ura ta karanto. Yaran sun iya wannan, don su ne 'yan waya, suna kallon bidiyo suna fassara lambobi. Dattijon ba ya son ya tambaye su, girma ya hana. Su kuma na'ura na gaya musu wace waya ce ta kawo ƙara, amma ba ta gaya musu dalili, sai su yi ta sauya kaya mai mota na biya. Rabin ilimin na hannun tsoho, rabi na hannun yaro, suna gareji ɗaya, kowa ya rungume nasa. Abin da Toyota ya kashe dukiya don ya haɗa a ɗaki guda, mu Allah Ya haɗa mana shi a ƙarƙashin rumfa ɗaya kyauta, mun kasa cin moriyarsa.

Da yaran suka watse, na zauna kusa da dattijon na ce: "Baba, me zai hana ka bar su su ga yadda kake saita famfon nan?" Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Ya ce ya taɓa koya wa uku. Na farko ya buɗe gareji a tsallaken titi ya janye masa rabin masu kawo aiki. Biyun kuma suka bi motocin masu haƙar zinariya zuwa arewa, ko sallama babu. Ya ce: "Malam, ni ba ni da fansho. Famfon nan shi ne fanshona."

Ban sami amsar da zan ba shi nan take ba, kuma ina ganin duk mai zagin dattawan sana'a da rowa ya kamata ya fara tsayawa a kan wannan magana. Injiniyan Toyota da ke koya wa matashi albashinsa na tafiya, ritayarsa na jiransa, ba ya tsoron wanda ya koya wa ya kwace masa abinci. Masassaƙin Ise ya san za a sake kiransa bayan shekara 20 a matsayin babba. Namu gwanin idan ya buɗe hannunsa, me ya rage masa? A da akwai amsa. Akwai Sarkin Maƙera da Sarkin Magina, akwai ladabin da ke sa wanda aka yaye ya riƙa kai wa maigidansa gaisuwa da ɗan abin hannu har ƙarshen rayuwa, kuma ba ya kafa maƙera a ƙofar wanda ya koya masa. Wannan igiyar ce ta tsinke, aka bar ɓoyon sirri shi kaɗai yana aikin da amana ke yi a da.

Don haka abin da nake kira a kai ba babba ba ne, kuma ba sai an jira gwamnati ba. Ƙungiyoyin kanikawa suna nan a kowane gari, suna karɓar kuɗin wata, suna sasanta rigima. Su mayar da yaye abin da ake yi a gaban jama'a: kada a sallami yaro sai ya kwance inji har ƙusa ta ƙarshe ya mayar ya tayar da shi, da famfonsa da komai, dattawa na kallo. A rubuta sunan wanda ya koya masa a takardar yayen. A yanka wa maigidan wani kaso daga aikin yaron na 'yan shekarun farko, yadda koyarwa za ta zama jari. Attajiranmu kuma, waɗanda ba sa jin ciwon ƙona tayoyi a wasan mota ranar ɗaurin aure, har a take 'ya'yan mutane, da za su ɗauki nauyin gasa guda a shekara, a ba kowane gareji mataccen inji a ga wanda zai fara tayar da shi, da sharaɗin kowace ƙungiya ta haɗa tsoho da yaro, da sun sami sunan da suke nema ta hanyar da ba ta kai kowa asibiti ba. Muna da filin sukuwa, mun san daɗin gasa, ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Famfon motata bai samu a ranar ba, aka ce in dawo Alhamis. Da na koma na tarar da shi a kan benci a buɗe, an jera ƙananan kayansa a kan farin ƙyalle. Dattijon ya laluba aljihu kamar yadda ya saba, ya fito da kuɗin shayi. Ƙaramin cikin yaran, wanda wayar tasa ce, har ya miƙe. Na ce: "Baba, bari ni in je in karɓo." Ya dube ni, ya dubi yaron, bai ce komai ba, ya miƙo mini kuɗin. Mai shayin na da ɗan nisa, kuma ban yi sauri ba.